Yadda Gawo Ya Tuɓe Rigarsa da Damina

Dalilin da ya sa gawo yake tsayawa fayau babu ko ganye ɗaya da damina, alhali kowane itace ya yi kore shar, shi zan faɗa muku yau, tunda kun ishe ni da tambaya a hanyar kai abinci gona. Ku matso kusa, ku rage surutu, don ba zan ɗaga murya ba. Yadda aka ba ni shi a gidanmu haka zan ba ku.

A da can, tun ƙasa tana sabuwa, gawo ya fi kowane itace ado da damina. Ruwan farko yana sauka zai cika da ganye, inuwarsa ta yi duhu kamar cikin ɗaki, ko ciyawa ba ta iya fitowa a gindinsa. Da rani kuma ya kaɗe. A zamanin nan itatuwa suna magana, iska ce take ɗaukar zancen wannan ta kai wa wancan. Kuma su Allah Ya ba aikin kiran hadari. Idan bazara ta yi nisa, zafi ya kai zafi, sai su ɗaga rassansu gaba ɗaya suna yafuto gabas, hadari ya gani ya taso.

Ba su kaɗai ba, kowa a ƙasa yana da abin da yake yi wa wani. Gara tana huda ƙasa ruwa ya samu hanyar shiga. Tsuntsu ya ci ɗan itace ya kai ƙwallon can nesa ya yar. Saniya ta ci ciyawa ta mayar da taki. Ko kura, duk da ƙazantarta, ita take share daji daga mushe.

To, akwai wani manomi ana ce masa Nomau, da matarsa Gwamma, da 'yar jaririyarsu a goye. Nomau ba malalaci ba ne, kusan ma aikin ne ya yi masa yawa. Abin alfaharinsa a duniya shi ne a ce gonarsa fes take. In ya tashi sassabe ba ya barin ko tsinke. Ya sare itace, ya tara ƙirare a kan kututturen ya cinna wuta don kada ya sake toho. Maƙwabta suka ga gonarsa ta yi kyan gani, su ma suka kama yin haka. Kafin a jima, tun daga bayan gari har inda ido ya tsaya babu abin da ya rage sai tsofaffin itatuwa jefi-jefi. A bakin gonar Nomau akwai wani babban Gawo da ya tsira, don shi ne alamar iyaka tsakaninsa da maƙwabcinsa. Amma 'ya'yan Gawon kam, duk wanda ya leƙo sai fartanya ta ɗauke masa kai.

Ran nan da bazara, lokacin kiran hadari ya yi, sai Tsamiya ta ce ita ba za ta ɗaga hannu ba sai an yi magana. Kuka ce babba a cikinsu, duk suna ce mata Iya.

Tsamiya ta ce, “Iya, tambaya ɗaya gare ni. Wannan mai ƙafa biyun, mene ne amfaninsa? Kowa a ƙasar nan yana ci yana bayarwa. Shi kuwa baki ne kawai aka yi wa ƙafafu. 'Ya'yansa su yini suna jifana, matarsa ta dama kunu da nawa 'ya'yan, ko sannu.”

Kuka ta yi ajiyar zuciya ta ce, “Ni ma jikina duk tabo ne. Ganyena miya, ɓawona igiya. Amma ba na son a yanke magana cikin fushi. A tambayi sauran jama'a tukuna.”

Iska ta zaga ta tambayo. Ƙudan zuma ya ce shi dai abin da ya sani, mutum hayaƙi yake tura masa cikin gida ya kwashe abincin 'ya'yansa. Kifi ya ce kar ma a tambaye shi. Gara ta yi tunani, ta yi tunani, ta ce gaskiya azarar ɗakinsa tana da daɗi, amma ba da son ransa yake ba ta ba.

Gawo ne ya fi kowa zafi. Ya ce, “Ni a kan idona ake yi. Duk ɗan da na haifa, a gabana ake sare shi. Na tsufa ba ni da magaji. A hana shi ruwa! Mu saiwarmu tana da tsawo, za mu sha daga can ƙasa. Geronsa ba zai kai ba. In yunwa ta ishe shi ya tattara ya bar mana ƙasarmu.”

Kowa ya ce haka za a yi. Kuka ta ce, “To, na bi ku. Amma ku ji sharaɗina. Ranar da wani ya kawo mini abu ɗaya da mutum yake yi wa ƙasa, wanda babu mai iya yi sai shi, ranar za mu ɗaga hannu.”

Tsamiya ta yi dariya ta ce, “Ashe hannunmu zai huta har abada.”

Haka aka yi. Lokacin ruwa ya zo ya wuce, sama fes. Hadari ya leƙo ta gabas, ya ga ba wanda ya kira shi, ya koma. Iska ta kwashe ƙasar gonakin da aka share, ta bar fako. Rijiya ta ƙafe. Mutane suka fara ɗaure kaya suna barin gari gida-gida. A rumbun Nomau babu abin da ya rage sai irin shuka a cikin wani ɗan gora, sai ɗan tsakin da suke dama kunu da shi. Ya ce wa Gwamma, “Ranar da tsakin nan ya ƙare, irin za mu ci. In muka ci iri kuwa, mun bar garin nan ke nan, mun bar kabarin iyayenmu.”

Gwamma ba mai yawan magana ba ce. Ta ce, “Allah Ya kawo sauƙi,” ta ɗauki tulunta. Kullum sai ta tafi wata ƙorama mai nisa, ta tona yashi da hannu, ta zauna jiran ruwa ya taru kaɗan-kaɗan tana kwasa da ludayi.

Amma akwai abin da itatuwa suka manta da shi. Manya ne masu doguwar saiwa. Ƙanana fa?

A tsakiyar gonar Nomau, kusa da 'yar hanyar da Gwamma take bi, ashe wani ɗan Gawo ya tsiro tun ƙarshen waccan daminar, fartanya ba ta gan shi ba. Tsawonsa bai wuce ɗan yatsa ba. Da fari ya yi tsanani sai ya fara sunkuyar da kai. Uban yana hango shi daga bakin iyaka. Ya miƙa inuwarsa, ba ta kai ba. Ya miƙa saiwa, ba ta kai ba. Ga ruwa yana sha a can ƙasa, ga ɗansa yana mutuwa da ƙishin da shi da bakinsa ya ce a saka, kuma ko taki ɗaya ba ya iya yi.

Ya kira Kurciya ya ce, “Don Allah ki ɗebo ruwa a bakinki ki kai wa yaron can.”

Kurciya ta ce, “Baba Gawo, bakina ɗigo ɗaya yake ɗauka, shi ma kafin in iso na haɗiye. Ba da gangan ba ne, haka maƙogwarona yake.”

Ya kira Akuya ya gaya mata. Akuya ta lashe baki ta ce, “Wayyo, ɗan jariri? Ɗanye shar? Ina yake, nuna mini in duba shi.”

Gawo ya ce, “A'a, bar shi, na fasa. Mafarki na yi.”

Ana nan, wata rana da hantsi Gwamma ta dawo daga ƙorama, wuyanta ya gaji, ta sauke tulu daidai wurin. Ta kwanto jaririyar ta ba ta ruwa a ludayi, ta shafe mata fuska da ragowar. 'Yan ɗigon da suka zubo daga haɓar yarinyar suka sauka a kan ɗan tsiron. Ita ba ta ma lura ba a ranar. Sai washegari da ta sake saukewa, ta ga wani ɗan abu da jiya yake kwance yau ya ɗago kai. Gwamma irin mutanen nan ce masu kallon ƙasa in suna tafiya, ba abin da yake wuce su. Ta durƙusa ta dube shi ta ce, “Kai kuma ɗan wane ne? Kai kaɗai a wannan rana? Ƙishi kake ji?”

Ta ɗebo rabin ludayi ta zuba masa a hankali, yadda ake ba jariri. Daga ranar kullum sai ta rage masa daga abin da za ta sha. Da ta ga sawun akuya kusa, ta je ta karyo ƙayar aduwa ta kewaye shi.

Ba a daɗe ba Nomau ya zo zagaya gona da fartanya a kafaɗa, don shi ko ba ruwa ba ya iya zama. Ya tarar da ita a durƙushe.

“Gwamma, me nake gani? Shinge a tsakiyar gonata? Albasa kika shuka ban sani ba?”

Ta ce, “Baƙo ne, Maigida.”

Ya leƙa. “Baƙo? Gawo ne fa! Ke, ruwan da kike tona yashi har farcenki ya ƙare kafin ki samu, shi kike ba ƙaya?”

“Rabona nake ragewa. Ban taɓa naka ba, ban taɓa na yarinya ba.”

“To in ya girma ya rufe mini gona da inuwa fa? Inuwa za mu tuƙa mu ci? Matsa.”

Ya ture ƙayar da ƙafa, ya ɗaga fartanya sama. Can bakin iyaka, uban ya runtse ido. Gwamma ba ta riƙe hannun mijinta ba, ba ta yi kuka ba. Kanta a sunkuye ta ce, “Ya riga ya sha ruwan tuluna. A gidanmu dai, in baƙo ya sha ruwanka ba ka ɗaga masa hannu. In a gidanku ana yi, to, sare.”

Fartanya ta tsaya a sama. Ta jima a can. Nomau ya dubi matarsa, ya dubi leɓenta da ya tsattsage don ƙishi, ya dubi ɗan abin da bai kai a kira shi itace ba. Sai ya sauke hannu a hankali, ya yi tsaki.

Ya ce, “Shingen ma ba ki iya ba. Ta nan ai akuya kai kawai za ta zura. Miƙo mini ƙayar can.”

Ya tsuguna ya gyara shingen da kansa, yana yi yana mita.

Gawo ya buɗe ido ya ga ɗansa a tsaye. Tun da yake a duniya bai taɓa ganin shaho ya kawo sura ya fasa don tausayi ba. Bai taɓa ganin akuya ta buɗe baki a kan ganye ta rufe ba tare da ta ci ba. Yau ga mai jin yunwa, da ƙarfe a hannu, ya tsayar da hannunsa da kansa.

Sai ya yi gyaran murya ya ce, “Nomau.”

Nomau ya zabura, saura kaɗan ya zauna a kan ƙaya. “Wa ke nan?”

“Ni ne maƙwabcinka na bakin iyaka. Wanda matarka take shayarwa ɗana ne. Gaya mini gaskiya, me na yi maka kake kashe mini 'ya'ya?”

Nomau ya cire hula ya ce, “Wallahi, Baba, ba ƙiyayya ba ce. Inuwarka ce. Duk inda ta sauka da damina gero ba ya yi, sai ya yi tsawo siriri ya faɗi. Ni kuma da gero nake ciyar da wannan.” Ya nuna yarinyar da take bayan Gwamma. “Kai kana kuka da naka, ni ina tsoron nawa.”

Gawo ya dube shi. Bai taɓa tunanin mutum ma tsoro yake ji ba.

Ya aiki iska ta tara masa jama'a. Ya ce, “Iya, na samo abin da kika ce a kawo.” Ya kwashe labari ya faɗa.

Tsamiya taubashiyarsa ce, ba ta raga masa. Ta ce, “Kai, taubashi! Da rabin ludayi aka saye ka? Kai da ka fi kowa kumfar baki? Ashe arha gare ka.”

Gawo ya ce, “Na yarda, arha gare ni. Amma ke da tsadarki, wa kika taɓa kai wa ruwa?”

Kuka ta ce, “Ku dakata. Ina tambayar kowa da kowa, mai saiwa da mai fiffike da mai kofato. A cikinku akwai wanda ya taɓa ɗaukar ruwa a kansa ya kai wa ɗan wani, ɗan da ba jininsa ba, wanda ba ya iya tafiya?”

Giwa ta ce ita tana ɗiba da hanci, amma gaskiya kanta take watsa wa.

Kuka ta ƙara da cewa, “Akwai wanda ya taɓa kewaye ɗan wani don kada a ci shi? Akwai wanda ya shayar da abin da sai bayan ya tsufa zai ga girmansa?”

Kowa ya ce shi kam bai taɓa ba.

Tsamiya ta ce, “To, na ji, yana da hannu, kuma wani lokacin yana da kunya. Amma ku bari yaron ya girma ya yi inuwa a kan gero. Ranar za ku ga inda kunyar take ƙarewa. Yunwa ba ta san baƙo ba.”

Kuka ta ce, “Wannan kam gaskiya ta faɗa. Gawo, me ka ce?”

Gawo ya dubi rassansa. Ku sani fa, damina ita ce sallar itatuwa. Ita suke jira shekara guda su sa sabuwar riga, ruwa ya wanke su, iska ta kaɗa su suna rangaji. Kuma a cikinsu babu mai riga irin tasa.

Ya ce, “In inuwata ce matsalar, zan cire ta. Da damina ta faɗi zan tuɓe ganyena in zuba wa ƙasa, geronsa ya sha rana, ya ci abin da na zubar. In ya girbe ya kai rumbu, sai in mayar da rigata. Ni da 'ya'yana da jikokina.”

Tsamiya ta ce, “Tsirara? Ranar salla? A tsakiyar gona, kowa yana kallo?”

“Tsirara.”

Kuka ta ce, “Ɗana, ka yi tunani. In ka faɗa a gabana ba ta warwaruwa. Ba za ka ƙara jin saukar ruwan sama a kan ganyenka ba har ƙasa ta naɗe.”

Gawo ya hango ɗan tsiron a cikin shingensa, ya hango Gwamma tana ɗora tulu a kan gammo. Ya ce, “Ita ma rabonta ta rage. Na faɗa.”

Kuka ta aiki iska wurin Nomau da Gwamma ta ce a gaya musu: an bar su su zauna, amma ba zaman baƙi ba, zaman masu aiki. Su ne masu hannu da ƙafa a madadin waɗanda ba su da su. In sun ga toho a gona su bar mai ƙarfi, su rage masa rassa ya miƙe. In fari ya zo su tuna da ƙanana. Su ci, ba a hana su ba, kowa ma ci yake yi. Amma su riƙa sanin inda za su tsayar da hannu.

Nomau ya ce ya ji ya karɓa. Gwamma kuwa ta yi murmushi.

Sai Kuka ta ɗaga manyan hannuwanta, sauran suka bi. Tsamiya ce ta ƙarshe, ita ma hannu ɗaya ta ɗaga tana harare-harare. Hadari ya gani ya taso baƙi ƙirin, iska mai sanyi ta fara kaɗawa, ƙamshin ƙasa ya tashi. Kafin ɗigon farko ya sauka, Gawo ya girgiza jikinsa, sabon ganyen da ya fara fitarwa don tarbar damina ya zubo kamar ana sheƙe hatsi. Ruwa ya same shi a tsaye fayau, rassa kawai da ƙaya. Ƙananan itatuwa suka yi ta ƙyalƙyala dariya. Bai kula su ba.

Washegari Nomau ya fito da ɗan goran iri. Ya shuka gonar duka, da ya zo bakin iyaka ya tsaya yana shakka. Gawo ya ce, “Matso, shuka har gindina.” Ya shuka. Da kaka ta yi, geron da yake ƙarƙashin Gawo ya fi na ko'ina tsawo, zangarniyarsa kamar damtsen mutum. Waɗanda suka yi ƙaura suka ji labari suka fara dawowa, kowa ya zo sai ya tsaya kallon shingen da yake tsakiyar gonar Nomau ya tambayi me aka shuka a ciki. Shi kuma ya ce, “Baƙon Gwamma ne. Ku bi a hankali.”

Da rani ya shigo, duk masu dariyar nan suka kaɗe suka yi furu-furu. Sai ga Gawo ya fito da riga sabuwa, shi kaɗai kore a duk faɗin fili. Shanu suka zo suka kwanta a inuwarsa suka bar taki. Tumaki suka yi ta tsintar 'ya'yansa. Har Akuya ta zo ba kunya, ta ce dama ita tun farko ta san yaron nan zai yi albarka. Gwamma ma nan take shimfiɗa zane ta zaunar da 'yarta, ta kama saƙar faifai.

Shi ya sa har yau gawo yake yin sallarsa shi kaɗai da rani, da damina kuma ya tsaya tsirara a tsakiyar gona saboda mu. Shi ya sa kuke ganin tsofaffi in suna noma suka zo kan ɗan gawo sai su karkatar da fartanya su wuce. Tsamiya kuwa har gobe ba ta gama yarda da mu ba. An ce duk shekara in bazara ta yi sai ta sake tambaya, wai me muka yi wa ƙasa bana da za a kira mana ruwa. Gawo ba ya jayayya da ita. Yakan duba gonaki ne, in ya ga akwai 'ya'yan da aka bari a tsaye, sai ya fara kaɗe ganyensa, sauran su gane ya sake tsaya mana.

Bana ma ya tuɓe. Na duba da safe da na je ɗebo ruwa.